Amsa ga ƙanwarmu mai son gyara ɗakinta na hostel

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki inda kika ce an ba ki gadon sama a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu amma ku takwas ne a ciki, bangon duk ya yi dauɗa, kuma kina so ki manna takardar ado ki rataya ƙananan fitilu da ɗan kuɗin da ke hannunki. Wallahi kin taɓa mini zuciya, domin na san irin ƙuncin da yarinya take ji idan ta baro ɗakin mahaifiyarta mai ƙamshi ta tarar da gadon ƙarfe mai tsatsa da bangon da ɗaliban baya suka cika da rubutu. Kada ki saurari masu ce miki karatu kika zo yi ba kwalliyar ɗaki ba. Wadda ba ta samun nutsuwa a inda take kwana, karatun ma ba ya zama a kanta.

Abin da zan fara roƙonki shi ne ki haƙura da takardar bangon nan. A ɗakin da ke kusa da namu an manna ta, ta yi kyau ƙwarai a makon farko, daga baya ta zama gidan kuɗin cizo, domin bayan takarda da tsagin bango da ɗinkin katifa su ne maɓoyarsu. Ƙwansu yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda zuwa kwana 10, shi ya sa za a yi feshi yau a ɗauka an rabu da su, sai kuma a wayi gari sun dawo. Kafin ki sayi ko da allura ta ado, ki fitar da katifarki ta sha rana sosai, ki zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar ƙarfen gadon, sannan ki sa tela ya ɗinka wa katifar riga mai zif. Don Allah kuma kada ki yarda a fesa Sniper ko ota-fiya-fiya a ɗakin da mutum takwas suke kwana su ajiye abinci. Maganin ƙwarin gona ne, kuma tun shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni.

Maimakon takarda, ki nemi yadi. Idan kina kusa da Kano, a Kantin Kwari za ki sami yadi mara nauyi mai launi mai haske, irin ruwan madara ko shuɗi mai sanyi, kuma yadi huɗu zuwa biyar ya isa ya rufe bangon da ke gefen gadonki har a fitar da rigar filo. Ki ɗaura igiya daga ƙarfen gado zuwa ƙarfen taga ki rataya shi a kai, ba ƙusa ba gam, ranar wanki ki sauke ki wanke, ranar tafiya hutu ki ninke ki sa a jaka. Launi mai duhu yana ƙara matse ɗaki, kuma a zafin Maris da Afrilu sai ki ji kamar bangon zai faɗo miki.

Amma maganar yadi da labule ita ce ta fama mini ciwon da har yau bai warke ba. A shekarata ta farko na zauna da wata 'yar ajin ƙarshe wadda ta ɗauki ɗakin tamkar gadon gidansu. Mahaifiyata ce ta ɗinka mini labulen gadona da hannunta, da ragowar atamfar da ta daɗe tana adanawa, kuma duk wadda ta shigo sai ta yaba. Ita wannan baiwar Allah tana da murhun lantarki, alhali an hana girki a cikin ɗaki, kuma ba ta jona shi ko'ina sai a soket ɗin da ke ƙarƙashin gadona. Na yi mata magana cikin ladabi, na kira ta Anti, na roƙe ta ta matsar da shi bakin ƙofa, ta dube ni ta ce yaushe na zo makarantar da zan koya mata zaman hostel. Wata rana ta ɗora wake, aka ɗauke wuta, ta fice yawonta ba ta zare wayar ba. Ina aji aka dawo da wuta. Da na iso, hayaƙi ya cika barandar, labulen ya cinye, gefen katifata ya narke, littattafan da na yi zango guda ina rubutu a ciki sun jiƙe sharkaf da ruwan da aka kashe wutar da shi. Allah ne kaɗai Ya tsare ba kowa a ɗakin yana barci.

Ƙonewar kayan ba ta yi mini zafi kamar abin da ya biyo baya ba. Da matar da ke kula da ginin ta zo, tambayarta ɗaya ce, wai labulen wace ce. Murhun kuwa tuni an ɗauke shi an ɓoye a wani ɗaki. Ni aka tsayar a gaban jama'a ana faɗa, ni aka sa na rubuta takardar ban haƙuri, ni na biya kuɗin fentin bangon daga kuɗin abincina, ita kuma tana tsaye ta harɗe hannu ba ta ce uffan ba. Sauran 'yan ɗakin duk sun san gaskiya, amma tsoronta ya hana kowa buɗe baki. Har ta gama makarantar ba ta taɓa ce mini sannu ba, balle ta nemi gafara, kuma da dare ina jin ta tana dariya da ƙawayenta a gadon da ke ƙasa da nawa. Ban iya gaya wa mahaifiyata abin da ya sami labulen ba sai bayan shekara ta zagayo. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka kafin ki rataya komai, ki zauna da 'yan ɗakinku ku yi magana a kan inda za a riƙa jona wuta da inda ba za a yi ba, kuma ki tabbata yadinki ya yi nesa da soket. Fitilun da kike so, ki sayi masu batir ko masu aiki da abin cajin waya mai ajiye wuta, kada ki sayi waɗanda ake jonawa a bango, domin wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ba ta da amana. Turaren wuta ma, na san ba ma iya rabuwa da shi, amma kada a bar kasko da garwashi a ɗaki a fita. Humra a jikin zanin gado ta wadatar.

Tun da gadon sama gare ki, ba ki da ƙarƙashin gado, don haka ki nemi alfarma wurin ta ƙasa ta ba ki gefe ɗaya ki tura akwati. Ki sa tela ya ɗinka miki jaka mai aljihuna da yawa ki rataya a ƙarfen gado, ta ɗauki waya da man shafawa da tocila da carbi. Kayan abinci su shiga bokitin roba mai murfi saboda ɓeraye da kyankyasai. Rabin kyan ƙaramin ɗaki shi ne a ga ƙasa fili, kuma wannan ba ya cin ko kwabo. Kada ki kwaso kayan sawarki duka daga gida, na zango ɗaya kawai za ki kawo.

Gidan sauro fari mai tsabta, idan aka ɗaure shi da kyau ta kusurwa huɗu, shi kansa ado ne, ga kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ga ɗan sirri. Idan kina son abin da zai tuna miki gida, faifai biyu masu launi irin na Kasuwar Kurmi, a maƙala su a jikin yadin da fil, sun fi duk wata fulawar roba da za ta kwashi ƙurar hunturu. Kuma duk abin da kika san zuciyarki ba za ta jure rashinsa ba, musamman abin da ya fito daga hannun iyaye, ki bar shi a gida, domin ɗakin mutum takwas ba ya da mai tsaro. Ki faɗa mana ko gadon naki yana jikin taga ne, domin idan haka ne sai an sake dubawa inda igiyar za ta bi saboda feshin ruwan damina.