Amsa ga ɗan yayata mai son zuwa Jamus karatu

Ɗana, saƙonka na uku ke nan cikin wata guda. Ka ce ka samu gurbin karatu, kuma abokanka sun tabbatar maka cewa a Jamus akwai haƙƙin ɗan Adam, ba mai iya cutar baƙo. Haƙƙin yana nan, amma a takarda yake, da Jamusanci, kuma kusan kowanne da wa'adinsa. Ba wanda zai biyo ka har ɗaki ya karanta maka.

Shekarata ta biyu a Hambug ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Mai gidan ya riƙe min albashin wata biyu, sannan wata rana da daddare, ina tsaye hannuna duk kumfa, ya ce kada in dawo gobe. Na kai kukana wurin 'yan'uwa bayan sallar Juma'a. Kowa ya ce in yi haƙuri, baƙo ba ya ja da ɗan gari, in na ɗaga murya takarduna za a taɓa. Ba mugunta suka yi min ba, iyakar saninsu ke nan, amma har yau abin yana ci min rai. Wata huɗu ina cin bashi.

Wata matsala daban ce ta kai ni ofishin Caritas, wata ƙungiyar taimakon jama'a. Matar da ke ba da shawara ta ji labarin, ta ajiye biro, ta ce a dokar ƙasar nan sallamar baki ba sallama ba ce, sai an rubuta. Ta ce kotun ma'aikata ba ta tilasta ɗaukar lauya a matakin farko, akwai ma ofishi a cikinta da ke rubuta wa mutum ƙara. Ta tambaya ko na rubuta awannin da na yi. Ban rubuta ba, sai saƙonnin WhatsApp da yake turo min na ranakun aiki. Da su na karɓo mafi yawan kuɗina, ko sisi ban biya matar nan ba. Ranar na fara jin na zauna a ƙasar da ƙafafuna.

Don haka tun kafin ka nemi mai sayar da garin tuwo, san inda waɗannan suke: Caritas da Diakonie, ƙungiyoyin coci ne amma ba ruwansu da addininka; Faire Integration kan rikicin aiki; Mieterverein kan haya; AStA, wato ƙungiyar ɗalibai, wadda a jami'o'i da yawa take ba da shawarar lauya kyauta. A wurinsu na san cewa kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na wata uku.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ambulan mai ruwan ɗorawa. Da shi kotu da hukumomi ke aiko da hukunci, mai kawo wasiƙa ya rubuta kwanan wata a bayansa, daga ranar kuma wa'adi ya fara tafiya. Na san wani yaro da ya ratsa Agadas da Libiya da teku, ya tura irin wannan ambulan ƙarƙashin katifa saboda fargaba. An ƙi ba shi mafaka ne, mako biyu yake da shi ya kai ƙara, wasu ma mako ɗaya ake ba su. Da muka kai shi wurin masu ba da shawara, lokaci ya wuce.

Kai ɗalibi ne, naka da sauƙi, amma kada ka dogara da aiki. Tun Maris 2024 kwana 140 cikakku aka yarje wa ɗalibi a shekara, ko rabin yini 280, in ka zarce bizarka ce a haɗari. Kuɗin asusun da ake kullewa, wato shaidar cewa za ka iya riƙe kanka shekara guda, yuro 11,904 tun 2024, ba ni da shi da zan ba ka, ka gaya wa mahaifiyarka haka. In ka sauka, ka yi rajistar adireshi cikin mako biyu, ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙa da kanka. Duk takardar da ta zo, ɗauki hotonta ka turo min a ranar.