Da gaske akwai kada a tsakiyar Sahara?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne ana samun kada a cikin hamada. Gaskiya ne, kuma ba nesa da mu ba: kwazazzabon Archei ne, a tsaunukan Ennedi da ke arewa maso gabashin Chadi, wajen iyakarta da Sudan da Libiya. Garin da ya fi kusa shi ne Fada.

Wurin tsaga ce mai zurfi tsakanin dogayen duwatsu jajaye. Inuwarsu ke hana rana shanye ruwan da ke kwance a ƙasa, shi ya sa ba ya ƙafewa ko da rani. Makiyaya 'yan ƙabilar Tubawa kan kawo raƙuma garke-garke su sha, har ruwan ya yi baƙi da kashinsu. Kada ka raina wannan kashin: shi ke ciyar da gansakuka, kifi ya ci gansakuka, kadoji su ci kifi.

Kadojin kuwa ragowa ne tun zamanin da Sahara ke da koguna da tafkuna, shekaru dubbai da suka wuce. Kaɗan ƙwarai suka rage. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya, har da zanen dabbobi da mutanen dā suka bari a jikin duwatsun.