Amsoshin tambayoyinku: jinƙai, "rama cuta ga macuci", da asalin sunan Maguzawa

Assalamu alaikum jama'a. Bari mu fara da tambayar wani ɗalibi ɗan Unguwan Rimi da ke karatu a Maleshiya. Yace ɗakinsu ɗaya da wani yaro mai bin addinin Buddha, kullum yaron sai ya ambaci wasu kalmomi biyu, metta da karuna, yace su ne tushen tarbiyyarsu. Wai da me za a fassara su a Hausa, kuma ya dace Musulmi yace muma muna da irinsu?

Ɗana, karuna dai jinƙai ne. Kalmar nan gida biyu ce aka haɗe, ji da ƙai, shi kuma ƙai tsohuwar kalma ce da yanzu ba ka cika jinta ita kaɗai ba sai a addu'ar mamaci, Allah ya ji ƙansa, ko a fassarar Bisimilla inda muke cewa Mai rahama Mai jin ƙai. Ni na fi zaɓen jinƙai a kan tausayi saboda tausayi yana iya tsayawa a zuciya, ka ga mutum cikin wahala kace wayyo ka wuce abinka, amma wanda ya ji ƙanka sai ya motsa ya yi maka wani abu. Metta kuwa ba mu da kalma ɗaya tak, sai dai kace son alheri ga kowa da komai, har dabba, har maƙiyi. Ka gaya wa abokin ɗakin naka hadisin mutumin da Allah ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, zaka ga ya gane inda ka dosa tun kafin ka ƙarasa.

Batun dacewa kuma, aƙida daban take kwata-kwata, koyarwar Buddha ba a gina ta kan Ubangiji mahalicci ba, kuma sun yarda ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu, wannan Musulmi ba ruwansa da shi kuma ba wanda yace a gauraya. Amma a mu'amala fa? Mabiyin Buddha na gari yana ɗaukar alkawura biyar, ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba kayan maye. Toh ka ajiye su kusa da abubuwa biyar da malamanmu suka ce shari'a ta zo ta kare, addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kaga ai huɗu sun faɗa kan juna daram. Sunan alkawuran nan pancasila, kuma da wannan sunan Sukarno ya kira ginshiƙan ƙasar Indonesiya a jawabinsa na 1 ga Yuni 1945. Ma'anar da ya zuba a ciki daban ce, na farkonsu a yau shine imani da Ubangiji ɗaya, amma ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a zamaninmu ba ta ji ƙyamar aron kalmar ba, kuma har gobe ranar bikin Waisak ta 'yan Buddha hutu ce a ƙasar baki ɗaya.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai. Wata Hajiya daga Tudun Wada tace ta yi wa ɗanta faɗa kan maganganun ramuwa da yake yaɗawa a Facebook duk lokacin da aka ji labarin wani hari, sai ya kafa mata hujja da cewa ai Hausawa sun ce rama cuta ga macuci ibada ne. Tana so ta san ko karin maganar daidai take.

Hajiya, karin maganar tana nan, ba ɗanki ya ƙirƙiro ta ba, amma dan Allah ki ce ya sake faɗinta a hankali ya tsaya a kan "ga macuci". Ba a ce ga ɗan'uwan macuci ba, ba a ce ga ƙabilarsa ko mai addini irin nasa ba. Mu da muka ga rikice-rikicen Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002 da Afrilun 2011 a garin nan na Kaduna mun san wa ake ramawa a kansa, direba ne da ya biyo hanya bai san me ake ciki ba, mai shayi ne, ɗaliba ce da ta taso daga makaranta, macucin kuwa yana can yana barcinsa. Sakamakon kenan da kogin Kaduna ya zama iyaka, Kiristan da aka haifa a Rigasa ko Tudun Wada ya tattara ya koma Sabon Tasha, Musulmin unguwar Television ya dawo wannan ɓangaren, yaran da suka taso bayan nan da yawansu ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wallahi wannan asara ce babba kuma mun saba da ita har mun daina ganinta.

Sannan karin magana ba aya ba ce. Alƙur'ani a Suratush Shura aya ta 40 ya yarda sakamakon cuta cuta ce daidai da ita, ba ƙari, nan take kuma yace wanda ya yafe ya gyara ladansa na wajen Allah. A Fussilat aya ta 34 aka ce ka tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau sai ka ga wanda kuke gaba ya zama kamar masoyi. Kuma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, wannan an maimaita shi a surori da dama. Ko ƙisasi ma alƙali ke yinsa, ba matasan unguwa ba.

A nan ne koyarwar Buddha ta zo kusa da tamu sosai, suna da magana sananniya cewa ƙiyayya ba ta taɓa kashe ƙiyayya sai rashin ƙiyayya. Ba a baki kawai ta tsaya ba, a taron San Faransisko na 1951 wakilin ƙasar Silon, wato Siri Lanka ta yanzu, J.R. Jayewardene, ya kafa hujja da ita yace ƙasarsa ta yafe wa Japan diyyar yaƙi. Tun kafin nan sarki Asoka na Indiya, bayan yaƙin Kalinga wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka sassaƙa nadamarsa a jikin duwatsu, ya ambaci mutum 100,000 da aka kashe, ya kuma rubuta cewa wanda ya zagi addinin wani don ya ɗaga nasa to nasa yake cutarwa. Na san ɗanki zai ce to Rohingya fa? Gaskiyarsa, a 2017 sama da Musulmi 700,000 suka gudu daga Myanmar zuwa Bangaladash kuma akwai malaman Buddha da suka rura wutar, kamar yadda mu ma muke da masu kisa da sunan addininmu. Su sun taka alkawarinsu na farko, namu sun taka ayoyin da na kawo.

Ki ba shi labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, 'yan garin nan ne. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowannensu yana da dalilin kafa hujja da karin maganar nan, amma a 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci, da hannunsu kuma a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Agustan 2002. Kuma ki tuna masa Hausawan da suka yi waccan su suka ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, su suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, don me zai ɗauki ɗaya ya bar sauran.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta a Kawo, yana tambaya ko kalmar Maguzawa zagi ce. Malam, asalinta ba zagi ba ne. Akasarin masana sun tafi a kan daga Larabci ta zo, majus, wato Majusawa masu bautar wuta na Farisa, waɗanda shari'a ta yarda a karɓi jiziya a hannunsu a bar su da addininsu cikin amana, toh sai malaman ƙasar Hausa suka sa wa Hausawan da ba su musulunta ba wannan sunan don su shiga wannan hukuncin. Irin ƙiyasin da aka yi wa 'yan Buddha kenan a Sind lokacin da Muhammad bin Ƙasim ya ci ƙasar wajen 712, aka ɗauki ɗakunan ibadarsu kamar coci-cocin Kirista da gidajen wutar Majusawa aka bar su a tsaye. Sai dai kalma tana canza nauyi a bakin mutane, in ka lura wanda kake kira da ita ba ya so to ka kira shi Bahaushe, don shi ɗin ne.