Amsa ga yaron motata kan saukar dutsen Mampong da lodi

Ɗana, tun daren da muka sauke masarar da muka ɗauko daga Ejura muka ajiye mota a unguwar Aboabo ta Kumasi a nan Ghana nake juya tambayarka a raina. Ka ce mini: "Maigida, me ya sa muka sauko dutsen Mampong muna rarrafe da ƙaramar giya, motoci suna ta wuce mu, alhali birkinmu lafiya lau yake, makaniki ma ya duba shi a Suame kafin mu tashi?" A lokacin gajiya ta hana ni ba ka amsar kirki, shi ya sa na zauna na rubuta maka, domin wata rana kai kaɗai za ka tsaya a saman dutsen nan da sitiyari a hannunka, ba ni kusa.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, saukar dutse tun daga sama ake gama shawararta. Giyar da ka zaɓa kafin kan mota ya sunkuya ita za ta kai ka Jamasi, garin da ke gindin dutsen, lafiya, ko kuwa ta bashe ka a kwana ta uku. Ƙa'idar da na gada daga wanda ya koya mini ita ce, giyar da ta hau da kai dutse da lodi, da ita za ka sauka. Ni kuma na ƙara da cewa a motocin yanzu, waɗanda injinsu ke da ƙarfin hawa da babbar giya, gara ka rage ɗaya ko biyu ƙasa da wadda ka hau da ita.

Dalilin kuwa yana cikin yadda birki yake aiki. Duk lokacin da ka taka, lainin birki yana goga jikin durom, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gudun mota yana komawa zafi, kuma wannan zafin ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfen. Idan mota mai nauyin tan 40 ta sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, zafin da za a kashe ya isa ya tafasa ruwa kusan ganga biyu masu lita 200 kowace. Ka yi tunanin duk wannan wutar a ce ƙarafan da ke cikin tayoyinka ne kaɗai za su shanye ta cikin 'yan mintoci. Durom idan ya yi zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da lainin, shi kuma lainin fuskarsa ta ƙone ta yi santsi kamar tangaran, sai ka ga kana takawa har ƙasa, iskar da ke matsa birki a cike take a tanki, amma mota ba ta jin kira. Makanikin Suame bai yi maka ƙarya ba, birkin lafiyarsa ƙalau a sanyi. Abin da ba zai iya gwada maka a gareji ba shi ne halinsa bayan ya sha mintoci goma yana cin wuta.

Saboda haka injin ake ɗora wa nauyin. A ƙaramar giya, idan ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya injin, shi kuma yana turjewa, zafin yana fita ta salansa da lagireto, waɗanda dama don fitar da zafi aka yi su. Ka haɗa da birkin salansa, wannan maɓallin da kake ganin ina dannawa mota ta canza murya, kuma ka sani ba ya riƙewa sosai sai injin yana juyawa da sauri, wato sai giyar ta yi ƙasa yadda ya kamata. Ka sa ido a kan agogon juyin injin, allura ta yi sama amma kada ta taɓa ja. Gargaɗi ɗaya a nan: ranar da aka yi ruwa kwalta ta yi santsi, musamman idan mota ba lodi, ka yi hattara da shi, domin tayoyin kan mota kawai yake riƙewa, suna iya zamewa bodin tirela ya turo ya naɗe ka.

Idan duk da haka gudu ya ƙaru, ga yadda ake taka birki. A ce ka yanke cewa kilomita 30 a awa ne iyakarka a wannan gangara. Da allura ta kai 30, ka taka sosai, taku ɗaya mai nauyi na kamar daƙiƙa uku, har ta dawo wajen 22, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ka bar durom ya sha iska. Idan ta sake kaiwa 30 ka maimaita. Ɗora ƙafa a hankali tun daga sama har ƙasa yana gasa birki ba hutu, yawan dannawa da saki kamar mai ɗinki da keke kuma yana zubar da iskar tanki fiye da yadda kwamfaresa ke mayarwa. Idan ka ga kana komawa birki a kai a kai, giyarka ta yi girma, sai ka rage gudu sosai a wuri miƙaƙƙe tun birki na da rai, ka sauke ta. Kuma kullum ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, domin taka birki a tsakiyar kwana da lodi mai tsayi kamar buhunan masara ko gawayi shi ke kwantar da mota.

Akwai wata ɗabi'a da na tsana, kuma na san ka ji ana yabonta a tasha, wato saka mota a firi, a fitar da ita daga giya, a gangara wai don a rage shan mai. Wallahi ba na son ko da wasa ka gwada. Motar zamani idan tana cikin giya kuma ƙafarka ba ta kan totur kusan ba ta shan komai, to ribar me ake nema? A firi kuwa injin ya saki tayoyi, kwamfaresa na juyawa a hankali, iska na raguwa, kuma da gudu ya wuce ƙima giyar ba za ta yarda ta koma ba, sai gurnani kawai za ka ji.

Ba labari aka ba ni ba. Ina sabon direba, ina ɗauke da doya, na shiga wannan gangara da babbar giya domin ina jin kunyar a ce yaron wane yana tafiya kamar kunkuru. Kafin rabi na fara jin ƙauri, na duba madubi na ga hayaƙi na tashi daga tayoyin baya, na taka na ji ƙafata ta nutse babu abin da ya canza. Na nemi rage giya ta ƙi shiga. Allah ne Ya taimake ni ban yi nisa da gudu ba, na jingina gefen motar da bangon dutse tana gurza har ta tsaya, yaron motata ya yi tsalle ya sa weji ya tokare taya. Bodi ya lalace, doya ta zube, na yi watanni ina biya daga albashina, amma ba a rasa rai ba, kuma har yau idan na tuna da motar fasinja da ke hawowa a lokacin sai gabana ya faɗi.

Shi ya sa kake ganin ina tsayawa a saman dutse ko da muna sauri. Ina duba agogon iska ya cika wajen 8, ina taka birki in riƙe in saurara ko akwai inda yake zuba, ina zagaya in taɓa kusa da kowane durom, domin wanda ya fi sauran zafi yana kamawa, wanda ya yi sanyi ƙalau kuma ba ya aiki, 'yan'uwansa ne ke ɗaukar nauyinsa. Jan igiyar tankin iska da nake sa ka yi kowace safiya don ruwa ya fita, yana cikin wannan shiri. Idan kuma wata rana ka iso ƙasa birki na hayaƙi, ka nemi fili shimfiɗaɗɗe ka sa weji ka jira, kada ka watsa wa durom ruwa domin yana iya tsagewa.

Hawa ya fi sauƙi, ba zan tsawaita ba. Ka sauke giya tun injin bai fara nishi ba, ka riƙe hannunka na dama, ka lura da agogon zafi. Idan mota ta mutu a tudu, birkin hannu da weji kafin komai, kuma kada ka yarda yaronka ya tsaya a bayan taya.

Wannan karatu ɗaya ne ko a Mampong, ko daga Atibie zuwa Nkawkaw a dutsen Kwahu, ko daga Aburi zuwa Ayi Mensah idan za ka shiga Accra, ko Nakpanduri a arewa. Inda ba ka taɓa bi ba, ka tambayi direbobin da suka san hanyar, ka kuma ɗauki giya ƙasa da wadda kake zato, balle lokacin hunturu da hazo ke rufe kwana. Masu wuce mu suna oda ka bar su, yawancinsu ba su ɗauke da rabin nauyinmu, kuma ba su za su je gaban iyalan mutane su yi bayani ba.

Mako mai zuwa in sha Allahu muna da lodi daga Ejura. Idan muka iso saman dutse zan tsaya, kai za ka zagaya motar ka faɗa mini abin da ka gani, kai kuma za ka faɗi giyar da za mu shiga da ita da dalilinka. Idan amsar ta gamsar da ni, tafiyar da za mu dawo ba lodi zan ba ka sitiyari ina zaune a gefenka.