Kwamitinmu na so a daina karanta wa yara labari a ɗakin karatu: suna da gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu bakwai ne muke kula da wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa. Ɗaki ɗaya ne, littattafanmu ba su kai 400 ba. Duk mako nakan ware awa guda in tara yara in karanta musu labari a bayyane. Yanzu wasu 'yan kwamitinmu sun ce a soke, wai yaron da ake karanta wa ba zai koyi karatu da kansa ba, gara a mayar da lokacin na bitar jarrabawa. Raina bai kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan ba su.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri. Kada ku soke wannan awa. A ganina babu aikin da ɗakin karatunku yake yi da ya kai ta amfani, kuma ba ta cin ko kwabo.

Zan fara da inda abokan aikinki suka yi daidai, don in kin yarda musu da shi za su fi saurararki. Sauraro kaɗai ba ya koya wa yaro haruffa. Dole a zaunar da shi a nuna masa yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da gaɓa, ya yi ta maimaitawa har bakinsa ya faɗa. Kuskurensu shi ne ɗaukar cewa karatu ya tsaya nan.

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar rubutu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya furta abin da aka rubuta, da kuma gane harshen idan an ji shi da kunne. Suka ce dangantakarsu irin ta lissafin "sau" ce, in ɗaya ta zama sifili, amsar ma sifili ce. Shi ya sa za ki ga yaro yana zuba karatu ba gargada, ki tambaye shi me ya karanta, ya yi tsuru-tsuru.

Ga misali daga harshenmu. Rubuta wa yaro "fari ya sa manomin ya yi asara". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" na launi, da "fari" na rashin ruwan sama, da "fari" na ɗan fari, duk kamanninsu ɗaya a takarda. Yaron da kunnensa ya taɓa jin kalmar a cikin jimla zai furta ta daidai nan take, ya kuma gane abin da ya sami manomin. Wanda bai taɓa ji ba, haruffa huɗu kawai yake gani. A lokacin da kike karanta musu, wannan rumbun kalmomin kike cikawa.

Wani zai ce ai yara suna jin magana a gida daga safe har dare. Haka ne, sai dai maganar gida kewayenta ƙarami ne: zo nan, bari, ina takalminka. A 1988 Donald Hayes da Margaret Ahrens sun ƙirga kalmomin Ingilishi da ba a cika amfani da su ba a wurare daban-daban. A cikin kowace kalma 1,000, sun sami kusan 31 a littattafan yara, kusan 23 a shirye-shiryen talabijin na manya, sannan kusan 17 kacal a hirar waɗanda suka gama jami'a. Wato littafin yara ya fi hirar masu digiri baƙin kalmomi. Ƙirgen na Ingilishi ne, amma dalilin bai keɓanta da shi ba. Mai magana yana nuni da hannu, yana gyara fuska, marubuci kuwa ba shi da komai sai kalma, dole ya nemo wadda ta dace.

Ki ƙara da cewa kunnen yaro yana gaban idonsa da shekaru da dama. Ɗan shekara 7 zai bi labarin da ba zai iya karantawa da kansa ba sai ya kai 10 ko fiye. In aka ce sai abin da ya iya karantawa kawai zai samu, an tsare shi ke nan a kan gajerun jimloli a daidai lokacin da hankalinsa yake neman abin da ya fi haka.

Hukumomi ma sun daɗe a kan wannan. Rahoton wani kwamitin masana karatu a Amurka na 1985 ya sa karanta wa yara a bayyane a gaba da duk wani aiki wajen gina ilimin da karatu yake bukata. A 1989 likitoci da malaman ƙananan yara a wani asibiti a Boston suka fara shirin Reach Out and Read, inda ake ba iyaye littafi a lokacin duba lafiyar ɗansu, kuma a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara tun yaro yana jariri. Ga masu damuwa da jarrabawa kuwa, ki tuna musu ƙiyasin Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022: kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Yaron da bai gane tambaya ba, bitar me za a yi masa?

Amma, Malama, yadda ake karatun yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan nake so ki sa ido. Grover Whitehurst da abokan bincikensa sun nuna a 1988 cewa 'yan shekara biyu zuwa uku da iyayensu suka riƙa jan su da hira a kan littafi har wata guda sun fi takwarorinsu iya bayyana magana. Saboda haka kada ki karanta kamar mai sanarwa. Ki fara karanta littafin ke kaɗai, ki san inda za ki sassauta murya da inda za ki dakata. Ki juya musu hoton su gani da kyau. Ki tambaye su, "Me kuke ganin zai faru?" ko "Don me ta ɓoye?" In yaro ya ce "kare", ki ce "eh, baƙin kare ne yana bin yaron da gudu", kin karɓi tasa kin ƙara masa. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne mayar da labarin gwaji. Da zarar yara sun gane cewa bayan kowane shafi akwai tambayar da za a ci gyaransu a kai, daɗin ya tafi, su ma za su bi shi.

Awa guda cur ta yi wa ƙanana yawa. Ki raba: minti 15 zuwa 20 ga 'yan ƙasa da shekara 6, sauran ga manya, ki riƙa yi musu babi ɗaya na dogon labari ki tsaya a inda ransu ya fi biyawa. Ki fara da harshen da suke ji sosai. In sun ce a maimaita labarin makon jiya, ki maimaita, a karo na biyu da na uku ne baƙuwar kalma take zama.

Ƙarancin littattafai kada ya dame ki. Littafi ɗaya a hannunki yana isar yara 30 a zama guda, alhali a kan kantar littattafai mutum ɗaya zai ɗauka. Akwai kuma African Storybook daga Afirka ta Kudu da StoryWeaver daga Indiya, shafukan intanet da ke ba da labaran yara masu hotuna kyauta a harsuna masu yawa, ana iya saukewa a buga.

Ga abin da za ki kai wa kwamiti. Ki nemi wata uku. Bayan kowane labari a ba yara minti 15 su ɗauki littafi su karanta da kansu, ko babba ya zauna da ƙarami, wannan ya amsa damuwarsu. Ki buɗe rajista kina rubuta yara nawa suka zo, da littafin da aka ara a ranar. Sannan ki gayyaci wanda ya fi kowa adawa ya zo ya zauna a baya rana ɗaya, ya ga hannu nawa za su miƙo neman littafin da kika rufe yanzun nan.