Motar da ke cikin hoton Mercury ce ta 1951 da aka sake wa fasali

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka sanya tsohon hoto marar kala na wata mota mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, rufinta gajere, babu tambarin kamfani ko ɗaya a jikinta, kana tambayar kamfanin da ya ƙera ta da shekarar da aka yi ta. Na ga wani ya ce Buick ce saboda ƙarfen adon da ke gefenta, wani kuma ya ce DeSoto ce saboda haƙoran da ke gabanta. Kowannensu ya ga gaskiyar abin da ya nuna, sai dai waɗannan kayan aro ne aka sanya mata. Ita kanta motar Mercury ce ƙirar 1951, kuma babu kamfanin da ya taɓa fitar da ita da wannan siffa. Aikin hannun masu gyaran bodi ne na Amurka.

A Kano na koyi gyaran bodi tun ina yaro, daga baya Allah ya kai ni kudancin Kalifoniya, inda na yi shekaru a wani ƙaramin gareji da ba ya karɓar komai sai tsofaffin motoci. Abu na farko da dattijon da ke da garejin ya koya mini shi ne, idan an kawo motar da aka sake wa fasali, kada in ɓata lokaci a kan ragar gaba, ko fitilun baya, ko bamba, ko murfin taya, domin su ne abin da kowane magini, wato mai sake wa mota fasali, yake fara cirewa ya sa na wata motar. Haƙoran DeSoto, da dogon ƙarfen gefe na Buick, da fitilun Lincoln, da murafen tayar Cadillac, duk sun yi yawo a jikin motocin da ba nasu ba. Abin dubawa shi ne wanda sauya shi yake da wahala.

Ka sake duban hoton. Akwai wani layi da ya taso daga saman tayar gaba, ya shigo ƙofa, ya ɗan karye ya yi ƙasa, sannan ya miƙe zuwa baya. Wannan layi shi ne shaidar Mercury daga 1949 zuwa 1951. Ford ta waɗannan shekaru gefenta sumul yake kamar akwati, kuma ta fi gajarta, domin tazarar tayar gaba da ta baya inci 114 ce, ta Mercury kuwa 118. Gilashin gaba ma ka ga biyu ne da sanda a tsakiya, kowanne a miƙe ba lanƙwasa. Abin da ya sa na tsaya a kan 1951 shi ne ɓangaren baya: na 1949 da 1950 ya dunƙule ya sauka, na 1951 kuwa ya ƙara tsawo, fitilun suna tsaye a ƙarshensa, kamar yadda yake a hotonka. Gilashin baya ba ya isa hujja shi kaɗai, saboda na 1951 babba ne, kuma magina da yawa sukan cire shi su sa na 1950 idan za su rage rufi.

Rage rufin nan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ake gane gwani. Ana yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin, a cire inci uku ko huɗu daga kowanne, a sauko da shi. To amma mota tana tsukewa ne yayin da take yin sama, don haka rufin da aka sauko da shi ba zai haɗu da wurin da aka yanke ba, sai an karkatar da ginshiƙai, an ƙara ƙarfe a wani wuri, an rage a wani. Gilashin gaba ana iya yanka shi tunda a miƙe yake, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa magina suka ƙaunaci wannan mota. Na baya kuwa irin mai tarwatsewa ne idan aka sa masa kaifi, saboda haka kwantar da shi ake yi gaba, a sake gina ƙarfen da ke kewaye da shi. A hotonka rufin ya gangaro ya haɗe da but ba tare da ƙusumbi ba. A ganina wanda ya yi wannan aiki ya san hannunsa ƙwarai, domin na ga motoci masu tsada da suka gaza a daidai wannan wuri.

Sauran abubuwan duk na zamanin ne. An cire hannun ƙofa an toshe gurbinsa, an sa maɓallin lantarki a ɓoye. An kankare tambarin bonet da na but. An nutsar da fitilun gaba cikin jiki. An rufe rabin tayar baya. Duk inda aka yi walda, da dalma ake cike shi, domin fila irin ta gwangwani da muka sani yau ba ta yaɗu ba sai daga baya. Shi ya sa laƙabin da Amurkawa suke yi wa irin waɗannan motoci ma daga sunan dalma ya samo asali.

Ba na manta ranar da aka fara ba ni wannan aiki. Sandar dalma ce da aka gauraya da kuza, kashi 70 da kashi 30, ana ɗumama ta da wutar gas har ta yi laushi kamar man shanu, ba a bari ta narke ta zuba ba, sannan a shafe ta da ɗan katako da aka tsoma a kitse don kada ta manne masa. Bayan ta huce sai a bi ta da zarto na hannu. Dattijon ya hana mu sa mata injin gugawa ko sau ɗaya, saboda ƙurarta guba ce mai taruwa a jiki, kuma ina roƙon duk wanda ya ci karo da tsohuwar mota ya kiyaye wannan. Har yau ina tuna ƙaurin kitsen nan da shirun da garejin yake yi idan ana wannan aiki, domin wuta kaɗan ta wuce kima sai aikin awa guda ya zube ƙasa.

Salon motarka ya bi sahun wata sananniyar Mercury ta 1951 da 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, suka gina wa wani mutum mai suna Bob Hirohata a 1952 a shagonsu da ke Lynwood, a Kalifoniya. Ita ma an yi mata ƙarfen gefe na Buick da fitilun baya na Lincoln, aka yi mata fenti kore kala biyu. Wani matashi mai suna Jim McNiel ya saye ta a 1959 kan dala 500, ta zauna a gidansu shekaru da dama, sannan a watan Janairun 2022 aka yi gwanjonta a Florida kan sama da dala miliyan 2. Amma taka ba ita ba ce. A ta Hirohata an cire ginshiƙin tsakiya, aka yi wa tagogin gefe firam mai lanƙwasa, a hotonka kuwa ginshiƙin yana nan, an dai karkatar da shi gaba, kuma ragar gaban ta Hirohata ba haƙoran DeSoto ba ne.

Idan kana son sanin shagon da ya yi aikin, ka duba bayan hoton ko akwai hatimin mai ɗaukar hoto ko kwanan wata, sannan ka ƙara girman wurin lambar motar, domin launi da tsarin lambar kowace jiha sukan nuna shekara. Ka kuma duba kusa da gilashin gaba ta gefe, saboda shagon Barris yakan manna ƙaramin tambarinsa a jikin motocin da ya gina. Idan kana da wani hoton da ya nuna bayan motar, ka turo mini in ga fitilun da kyau.