Ɗiyata, Ga Yadda Ake Bar wa Allah

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da mijin yayarki ya rasu, duk wanda ya shigo gidan nan Katsina sai "a yi haƙuri, a bar wa Allah", ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Kina tambaya ko wannan al'ada tamu danne baƙin ciki ce kawai.

A'a. Yesu da kansa ya zub da hawaye da aka ce ya zo ya ga inda aka binne abokinsa Li'azaru (Yahaya 11:35). Bulus ma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege. Duk wanda ya ce mata kuka rashin bangaskiya ne, ki ja shi gefe cikin ladabi.

Zaman makoki yana da tsari. A shiga, a durƙusa, a ce "ya haƙuri?", a zauna. Abokan Ayuba kwana 7 suka yi shiru tare da shi. Ɓarnar ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna nemo masa laifi. Haka yake har yau: kada a ce "da an kai shi asibiti da wuri". Addu'a gajeriya, waƙa ɗaya, a tashi. Zumuntar Mata ta coci su kawo kunu da tuwo, wata ta tsaya har ta ga yayarki ta sha ko da ludayi biyu.

Kwana ukun farko gida cike yake. Wahalar tana mako na biyu, in an naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. To, nan ne aikinki. Ki kwana ɗakinta. In ta farka tsakar dare, kada ki yi mata wa'azi. Kunna fitila, ki karanta Zabura 42 ko 46 a hankali, tana ji. Sannan ku bi Filibiyawa 4:6-7 daki-daki: ta faɗi damuwar da sunanta, kuɗin makarantar yara, haya, gonar da ba mai nomawa, ta roƙa, ta ambaci abu guda na godiya, ko da ƙarami ne. Addu'ar "Ubangiji ka taimake ni" a dunƙule sau da yawa takan bar nauyin inda yake, domin zuciya ba ta san abin da ta miƙa ba. Gobe damuwar za ta dawo, a sake miƙawa. Dawowarta ba alamar Allah bai ji ba ne.

Abu biyu nake tsoro. Azumi ga mai hawan jini ko ciwon suga, da barin magani wai don an dogara ga Allah. Ki hana. In ta wuce mako biyu ba ci ba barci, ko ta fara cewa gara ta bi shi, ki gaya wa fasto ranar, ku kai ta ga likita.

Ki gaishe ta. Ranar Lahadi ki zauna kusa da ita a sujada, a bencin baya, don in kuka ya zo ta iya fita.